Shin gwamnati na biyan uwa mai jinyar ɗa mai lalura?

Wata baiwar Allah daga Ƙauran Namoda ta turo min saƙo, tace ɗanta shekarar shi 19, tun haihuwa baya tafiya kuma yana da lalurar ƙwaƙwalwa, ita ke mashi wanka ta bashi abinci a baki, har sana'ar ƙuli-ƙulinta ta ajiye saboda shi. Uban ya sake ta, yanzu kuma ya daina aiko komai wai yaro ya balaga. Taji ance a Ingila gwamnati na biyan masu irin wannan ɗawainiya, shin akwai haka anan?

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maki da alheri. A Ingila kam akwai, wanda ke kula da mai nakasa awa 35 a sati ana bashi kuɗi, amma na mazauna can ne. Mu nan Najeriya ba wata dokar tarayya da ta yanka ma mai jinya albashi. Don haka duk wanda ya turo maki fom a WhatsApp yace ki biya kuɗi ko ki bada BVN, ɗan damfara ne.

Akwai dokar masu buƙata ta musamman ta 2018 wadda Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019, sai dai haƙƙin da ke cikinta na yaron ne ba naki ba. Dokar tace mai lalurar ƙwaƙwalwa magani kyauta ne gare shi a asibitin gwamnati. Aiwatarwa dai sai a hankali, amma kije asibitin tarayya na Gusau likita ya rubuta maki rahoton lalurar shi, wannan takarda ita za ki nuna ko'ina, har Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha inda za ki iya neman tallafi.

Inda kike da ƙarfi sosai shine wajen uban, kuma abin na bani takaici yadda mata da yawa basu sani ba. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na Zamfara ke bi, ciyar da ɗa namiji na faɗuwa ne idan ya balaga da lafiyar shi yana iya nema. Wanda ya balaga da nakasa ko tabin hankali, ci da sha da tufa na nan wuyan uba muddin uban na da hali kuma yaron bashi da dukiyar kanshi. Maganar wai ya balaga ba hujja bace gaban alƙali.

Ki fara da magabata ko limami ko za a daidaita. In ya ƙi, ki shigar da ƙara kotun shari'a mafi kusa, ba dole sai da lauya ba, in kina so kuma ofishin Legal Aid na bada lauya kyauta ga marasa ƙarfi. Ki tafi da rahoton likita, rasit na magani da shaidu biyu, ki roƙi alƙali ya yanke adadi duk wata. Kar ki ja lokaci don Allah, kuɗin baya da alƙali bai yanke ba karɓo su na da wuya.