Filin Tambayoyinku: Kiwon Kanari a Babban Kejin Tsakar Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne mai ritaya a Zariya, kuma bara na sa an ƙera mini babban keji na ragar waya a tsakar gidana, mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, aka rufe shi da kwano. Na zuba kanari 'yan waje guda 10 a ciki, maza 5 da mata 5. Suna yin ƙwai, amma 'ya'yan ba sa rayuwa: wasu na kan tarar an yar da su ƙasa, wasu kuma su mutu cikin sheƙa. Da damina ma manya biyu suka yi ƙuraje a fatar ido da ƙafafu suka mutu. Ina roƙon a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri, domin asarar tsuntsun da mutum ya saba jin kukansa da asuba tana da ciwo. Daga bayaninka, babbar matsalar tana wurare biyu, wato ginin kejin da kuma yawan mazan da ka haɗa, kuma duka biyun suna da gyara.

Kanarin da kake kiwo asalinsa daga tsibiran Kanari ne, waɗanda ke cikin tekun Atilantika daura da gaɓar Maroko, da kuma tsibiran Madeira da Azores, inda yanayi yake da sauƙin zafi da sauƙin sanyi. Daga can Sifaniyawa suka kai shi Turai, aka yi ɗaruruwan shekaru ana hayayyafa shi a cikin ɗakuna, har mutanen tsaunukan Harz na Jamus suka yi suna wajen fitar da irin da ya fi daɗin murya. Saboda haka bai da juriyar kanarinmu na daji, mai rawayan ƙirji ko mai ruwan toka, wanda ya saba da ranar bazara da sauron damina.

Ƙurajen da ka gani sun yi kama ƙwarai da cutar ƙurajen kanari, wadda ƙwayar cutar bairos ke haddasawa, kuma sauro ne babban mai yaɗa ta, shi ya sa ta bayyana da damina. Wani lokaci tana tsayawa a fata, wani lokaci kuma ta shiga maƙogwaro tsuntsu ya riƙa buɗe baki yana haki, kuma wannan nau'in yakan kashe da yawa cikin 'yan kwanaki. Ba ta da maganin da ke kashe ta kai tsaye, sai dai likitan dabbobi ya ba da abin da zai hana wata cutar hawa kan gyambon. A ganina, a ƙasarmu duk wanda ya gina kejin kanari a waje bai lulluɓe shi da ragar sauro ba, bai gama gini ba. Ka sa ragar waya mai ƙananan idanu, kamar milimita 12, daga ciki, sannan ka bi ta da ragar sauro irin ta taga daga waje, har da ƙofa, ka kuma kawar da duk wani kwatami ko tsohuwar taya da ruwa ke kwanciya a kusa.

Kwanon rufin ma abin dubawa ne. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a yankinmu, kuma kwano yana sauko da shi kan sheƙar da ke kusa da rufi, har ƙwai ya lalace ko 'ya'ya su bushe. Ka shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, ko ka sa silin a ƙarƙashinsa, amma kada ka cire rufin, domin yana hana kashin tsuntsayen daji faɗawa cikin abinci, abin da ya kamata a kiyaye tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006. Ka toshe gefen gabas da na arewa da katako ko bulo, tun da daga gabas ruwan damina ke bugowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Ƙasan kejin a yi masa daɓen siminti saboda ɓera da gafiya da maciji, a kuma yi ƙofa biyu, ta yadda za ka rufe ta waje kafin ka buɗe ta ciki.

Yanzu ga maganar 'ya'yan. Namijin kanari idan lokacin hayayyafa ya zo yana kare yankinsa, kuma maza 5 a fili irin naka faɗa za su yi ta yi, suna tayar da matan da ke kwanci, matan su ma suna satar kayan sheƙar juna. A irin wannan hargitsi ne ake yar da ƙwai da 'ya'ya. Mafi kyau ka ware kowane namiji da matarsa a ƙaramin keji da za ka rataye a gefen da aka toshe, ka bar babban filin ga samari da waɗanda ke hutu. Idan kuwa kana son su hayayyafa a sake, to namiji ɗaya da mata 2 ko 3 sun isa, tare da kwandunan sheƙa da suka fi matan yawa, nesa da juna. Ka ba su zaren buhun algarara da aka yayyanka gajeru su yi sheƙa da shi, domin dogon zare yana naɗe ƙafar ɗan tsuntsu har ta gutsure.

Mace takan yi ƙwai 3 zuwa 5, ɗaya kowace safiya, ta yi kwanci na kwana 13 zuwa 14. Idan ta fara kwanci tun ƙwan farko, sai 'ya'yan su ƙyanƙyashe a ranaku dabam-dabam, manyan su danne autan ya rasa abinci. Don haka masu kiwo ke ɗauke kowane ƙwai a hankali su ajiye cikin auduga, su sa na roba a madadinsa, sai ranar da ta yi na huɗu su mayar mata da su gaba ɗaya. Kuma gero da acca kaɗai ba sa raya ɗan kanari: yana buƙatar dafaffen ƙwan kaza da aka murje da garin busasshen burodi, a sa kaɗan safe da yamma, a kwashe ragowar bayan sa'o'i 2 ko 3 kafin ya lalace, tare da ganyen latas ko alayyafo da aka wanke. Ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka shi kuma yana taimakon uwa kada ƙwai ya maƙale mata. 'Ya'yan kan bar sheƙa wajen mako 3, su iya ci da kansu wajen wata ɗaya, kuma kada ka bari mace ta wuce kwanci 2 ko 3 a shekara.

Akwai wani maƙiyi da nake zargi a mutuwar cikin sheƙa, wato jajayen ƙwarin nan ƙanana irin na akurkin kaji, masu ɓuya a tsagar katako da rana su fito da dare su sha jini. Ka ɗora farin ƙyalle a kan kejin da magariba, ka duba shi da asuba; idan ka ga ɗigo-ɗigo ja suna motsi, to su ne. Sai ka ƙone tsohuwar sheƙa, ka zuba wa katakon tafasasshen ruwa bayan ka fitar da tsuntsayen, ka nemi maganin da ya dace daga likitan dabbobi, domin feshin sauro na gida yana iya kashe kanari nan take.

Tambaya: Ni matar aure ce a Maraɗi. Kanarina ya daina kuka, gashinsa na zuba, amma yana cin abinci. Ko ciwo ne?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, alama ce ta sauya gashi, wanda kanari ke yi sau ɗaya a shekara na tsawon mako 6 zuwa 8, kuma namiji yakan yi shiru a lokacin. Ki ƙara masa dafaffen ƙwai da ɗan riɗi, ki sa masa ruwan wanka a faranti mara zurfi, ki kuma kare shi daga iska da hasken fitila da dare. Idan ya wuce wata 3 bai dawo da kuka ba, ko kika ji ƙara a numfashinsa, to ki kai shi wurin likitan dabbobi.