Abin da Ba Ka Sani Ba Game da Kifin Agusta

Kai yaro, ka tambaye ni me ya sa ga Agusta ya kama, duk Sekondi ana cewa lokacin kifi ne, amma na ɗaure kwale-kwale muna ta ɗinkin taru a gaɓa. Da ka ɗaga kai sama daren jiya da ba ka ɓata mini lokaci da wannan tambaya ba. Wata ya cika. Amma ina, ku idonku na kan waya, sai ta faɗa muku akwai hadari kafin ku yarda.

Nan ba tafkin Yeji ba ne, inda ka saba kafa raga ka je ka kwanta. Daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama a gaɓar Gana, zafin ruwa ya faɗi ƙasa da digiri 25, wani lokaci har 22. Tsoma hannu za ka ji. Launinsa ya bar shuɗi ya koma kore, ya yi gurɓi, domin ya ɗauko abincin kifi daga ƙasa. Shi ke kawo garken sadin, wanda Fanti ke kira eban, kusa da gaɓa. Da rana tsuntsaye ne za su nuna maka. Da dare kuwa, in duhun wata ne, garken yana motsi ruwan yana walƙiya, mai ido sai ya gane girmansa da inda ya dosa. Farin wata na kashe wannan walƙiyar, kifin kuma ya watse ya nutse. Ka fita yanzu, mai kawai za ka ƙona.

Yadda ake zagaye garke da watsa, wato babban tarun zobe, a ja igiyar ƙasa a rufe gindinsa, ba zan tsaya koya maka ba, duk wanda ya kwana a jirgi ya gani. Ka riƙe biyu: rage inji tun daga nesa, kuma ka tari kan garken, kada ka bi wutsiya. Ruwan nan yawanci gabas yake ja, wajen Accra, ka sa wannan a lissafi ko taru ya naɗe maka a ƙarƙashin jirgi. Igiyar ruwa ma a watan nan ba ta wasa, iskar kudu maso yamma ce ke turo ta. Talata ba a fita, al'adar masu gari ce, kai baƙo ba ruwanka da gardama.

Na san abin da ke ranka, janareto da fitilar jawo kifi da dare kamar yaran can. Doka ta hana tun 2010, kuma su ne ke kwashe 'ya'yan kifi tare da manyan jiragen da aka sani da sayar da saiko, wato daskararren kifin da ake sayar wa masu kwale-kwale a tsakiyar teku ba bisa doka ba. Masu ƙirga sun ce sadin ɗin da ake kamawa a ƙasar nan ya wuce tan 100,000 a tsakiyar shekarun 1990, zuwa 2016 bai kai 30,000 ba. Ni ban buƙaci takarda ba, bayana ya san bambancin nauyin taru.

To amma tambayarka ta tayar mini da wani miki. A Agustan 2007 ne, shekarar da aka canza kuɗi, sidi 10,000 ya koma sidi 1. Akwai wata mai sayen kifi, tana da murhun banda jere a bayan gidanta. Ita ta ba ni bashin man firimis, wato man injin kwale-kwale, muka yi magana a kan kuɗin daro guda, baki da baki, har da dafa ƙirji. A daren na ga garken da ban sake ganin irinsa ba. Muka cika jirgi har ruwa na lasar baki, yara suna kwarfa suna waƙa. Muka iso da asuba, ashe kowa ya samu, gaɓa ta cika da kifi.

Na aika a kira ta, aka ce tana wanka. Na sake aikawa, aka ce ta je gaisuwar mutuwa. Rana ta fito. Kai ka san sadin, mai gare shi, rana na taɓa shi ciki ya fara fashewa. Na juya wajen sauran matan, babu wadda ta kalle ni, domin kowa ya san kifin mai bashi na mai bashi ne, ba sa shiga gonar juna. Sai da hantsi ya yi ta zo tana taku ɗai-ɗai, ta sa yatsa ta latsa kifi guda, ta yatsine fuska ta ce ya yi laushi. Wa ya sa ya yi laushi? Sannan yaranta suka sauke daro, ba wanda muka yi magana a kansa ba, wani mai faɗin baki, suna tula kifi har ya yi tozo. Kuɗin da ta yanka bai kai rabin na jiya ba. Da aka zo cire bashin mai, ta lissafa shi a farashin bayan fage, tana faɗin wani a tsohon kuɗi wani a sabo, har mai riƙe mana littafi ya rikice. Na kai ƙara wajen sarkin masunta, ya ce ina shaida. Shaidata teku ce da Allah.

Yarana ba su ci laifin kowa ba, sun kwana suna jan igiya, dole na ba su rabonsu daga aljihuna. Kafin lokacin kifi ya wuce na sayar da injina, Yamaha mai doki 40, wanda na tara kuɗinsa da gumi. Ita kuwa ta banda kifin nan ta ajiye, da kifi ya yi tsada ta loda shi zuwa Kumasi. Har yau in ta wuce tana ce mini "Alhaji, ina kwana", ina amsawa don Musulunci kawai.

Shi ya sa ka ga ina zaune da matan nan jiya da littafi, kai kana tsammanin hira nake. Farashi a rubuce, shaidu biyu, daron da za a auna da shi na sa masa fenti yana ɗakina, kuma an rubuta cewa in ba ta zo kafin rana ta fito ba, kifi na wanda ya biya ne. Ku samarin yanzu kunya kuke ji ku ce a rubuta, wai kada a ce ba ku yarda da mutum ba.

In Satumba ta ja baya ruwa ya fara ɗumi, za mu ajiye watsa mu ɗauki ƙugiya da ƙanƙara mu nufi duwatsu neman jan kifi. Wannan karatun wata rana ne. Yanzu tashi ka duba dalmar gefen hagu, na ga guda nawa sun zube, ka wanke fulogi. Wata zai fara makara nan da kwana kaɗan, ranar da na kira ka bayan Isha'i kada in ji an ce ka tafi kallon ƙwallo.