Yaya, a nan bakin kogi ne zaurenmu

Yaya, na ga saƙonka bayan na idar da sallar asuba, ku kuma a lokacin kuna haramar isha'i, tunda awa 9 ke tsakaninmu. Sai da na dara. Ka ce malamai manya sun taso tun daga gida, sun sha doguwar hanya, maimakon mu sauke su a ɗaki mu kayar musu da ko ɗan akuya ne, sai ga hotunanmu muna gantali da su a bakin ruwa kamar 'yan firamare, har da mata da yara. Ka tambaya ko zaman Ostireliya ya mantar da mu yadda ake karɓar baƙo.

Ba mu manta ba, zaure ne ba mu da shi. Mu Hausawan Brisbane ba mu taka kara mun karya ba, kuma a warwatse muke, wani a kudancin gari wani a arewa, kowa da lokacin aikinsa. Falona ba zai ɗauki mutum ashirin ba, in ma ya ɗauka to maƙwabcina zai ƙwanƙwasa ƙofa saboda hayaniya. Yanka kuwa ba a yin sa a ƙofar gida, wurin mahautan halal muke zuwa mu sayo. To ina za a haɗu kowa ya gaisa da baƙi? Sai bakin kogi. Matan da ka gani kuma ba su da inda za su bar yara. Babu Inna a nan, babu maƙwabciyar da za ka miƙa wa jariri ta katanga. In uwa za ta fita, da 'ya'yanta za ta fita.

Garin kansa a jikin kogin aka gina shi. Ruwan ya yi ta lanƙwasa a tsakiyar gari kamar maciji, launinsa irin na Kogin Kaduna da damina. Akwai jiragen ruwa na haya da ake kira CityCat, waɗanda mutane ke hawa zuwa aiki kamar yadda kuke hawa a-daidaita-sahu. Tun watan Agustan 2024 kuɗin hawa ya koma santi 50 kacal, wato rabin dalar Ostireliya, ko jirgin ruwa ne ko bas ko jirgin ƙasa. Ka ga kuwa mai tawaga ya samu sauƙi. Abu ɗaya ne ke ba ni ciwon kai duk sa'ad da na ja ragamar fita irin wannan: jirgin ba ya jiran kowa. In an ce tara, to tara ce, ba "ga ni nan tafe" ba. Shi ya sa nake rage rabin awa in na faɗa wa mutanenmu lokaci, Allah Ya yafe mini.

Daga South Bank muka tashi. A nan aka yi babban baje kolin duniya na 1988, da aka watse sai aka mayar da filin wurin shaƙatawa, har da wani tafki da aka zuba wa farin yashi ya zama kamar gaɓar teku. A nan yara ke wanka, don kogin akwai kifin shak a cikinsa, ba wanda zai bar ɗansa ya tsoma ƙafa. Muka bi ta ƙarƙashin gadar Story, wadda aka buɗe a 1940, baƙi suna ta ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikinsu ya ce ruwan nan ai ga shi salihi. Na ce ya tambayi waɗanda suka ga ambaliyar 2011 da ta 2022, su ba shi labarin salihancinsa.

A lambun New Farm muka sauka, kuma a nan ne ainihin walimar da ka ce ba mu yi ba. Watan Oktoba ne, itatuwan jakaranda sun yi fure, ƙasa duk ta zama shunayya. Hukuma ta kafa murhun gashi na lantarki a lambun, kyauta, sai dai ka goge shi tas in ka gama. Kowane gida ya zo da abin da ya sawwaƙa: wannan masa, wannan shinkafa da miya, wani zoɓo, ni kuma tsire na ɗauka. Ciyayya ke nan irin ta gida, illa dai a kan ciyawa ake yi. Mata suka shimfiɗa tabarmarsu can gefe, mu ma muka yi tamu. Mutanen ƙasar ma haka suke yi. In sun gayyace ka suka ce ka zo da faranti, abinci suke nufi, kuma ba baƙo ɗaya ba ne ya taɓa zuwa da farantinsa wayam ya sha kunya.

Akwai wani tsuntsu a nan mai kama da balbela, fari, da baƙin kai da dogon baki lanƙwasasshe, amma ba shi da kunyar balbela ko kaɗan. Babban malamin cikin baƙin yana tsakiyar bayani, tsinken tsire a hannu, tsuntsun ya tako a hankali kamar an aiko shi, ya zare yankan nama daga farantin da ke gabansa ya yi gaba. Malam ya bi shi da kallo ya ce, "Wannan ai ɗan gari ne." Yara har da faɗuwa don dariya.

Da azahar ta yi aka shimfiɗa dardumomi. Malam ya ce, "Ina gabas?" Na nuna masa wajen da rana ke faɗuwa. Ya dube ni, ya sake dubana, ya ɗauka zolaya nake yi. Sai da na buɗe masa taswira a waya ya ga Makka tana yamma da mu ne, da ɗan karkata arewa. Ya yi shiru, sannan ya gyara tsayuwa ya ta da kabbara. Ni ma shekarata ta farko haka jikina ya riƙa ƙi, don tun muna yara alƙibla da gabas abu ɗaya muka san su. Masu wucewa da karnukansu suka riƙa kaucewa ta baya, ba wanda ya tanka mana. Ranar Juma'a kuma mun kai su masallacin Holland Park, wanda Musulmi 'yan Afganistan da Indiya suka fara ginawa tun 1908, su ga cewa ba mu ne farkon masu kiran salla a garin nan ba.

Wuraren da suka rage, tudun Coot-tha inda ake hango gari baki ɗaya da gidan dabbobin Lone Pine mai kangaru da koala, an je an dawo, an gaji.

Batun kilishin da ka ce ka ba Malam ya kawo mini, kada ka yi fushi da shi. A filin jirgi aka karɓe. Ƙasar nan ba ta wasa da shigo da nama, saboda tsoron cututtukan dabbobi. Allah Ya taimake shi ya rubuta a takardar shiga cewa yana ɗauke da abinci, shi ya sa ba a ci tararsa ba. In za ka sake aiko da wani abu, ka aiko da hula, zanna-bukar, don tawa ta koɗe. Ka gaishe da Inna, ka ce mata jikokinta sun ci masa har sun bar saura.