Amsa ga 'yar uwar da ke tambaya ko ta canza suna kafin ta sake tura littafinta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi na karanta tambayarki jikina yayi sanyi, kin ce kin gama littafinki na Turanci kin tura ma ejan-ejan a Landan, wato dillalan da ke kai littafin marubuci ga kamfanonin buga littattafai, duk wanda ya amsa sai yace rubutun yayi kyau amma bai san yadda zai sayar da shi ba, shine kike tunanin ko ki cire sunanki ki sa na Turawa, ko kuma ki biya kamfanin nan da yace ki kawo fam 3,000 ya buga miki. Dan Allah dan Annabi kar kiyi ko ɗaya. Wannan maganar ta "ban san yadda zan sayar ba" ni ma ita aka yi ta faɗa min har na fara zargin alƙalamina, alhali ba daga alƙalamin bane.

Nawa littafin labarin wata mai haɗa magani ce a Manchester da babanta ya rasu ta koma Kano rabon gado, gida ɗaya a Fagge, 'yan uba, goggo mai baki, akwai dariya akwai kuka, ba bom ba bindiga ba auren dole. Wata ejan Baturiya ta ɗauke ni, ranar da ta kira ni a waya tace ta kwana tana karantawa har sujjada nayi. Toh daga nan aka fara. Tace sunayen sun yi kama, Hadiza da Hafsatu da Halima mai karatu zai ruɗe, nace ba komai na canza biyu. Tace in bayyana menene tuwo menene takaba menene kishiya, nayi. Sai tace ina haɗarin yake a labarin, ai arewacin Najeriya ne, mutane zasu sa ran ganin Boko Haram ko da a gefe ne. Sai tace mijin yayi kirki da yawa, ba za a yarda ba, ko zai riƙa dukanta. Mijin nan fa daga halin yayana na ɗauko shi, mutumin da har ya bar duniya ban taɓa jin ya ɗaga ma matarsa murya ba, wai shine ba za a yarda akwai irinsa ba. Na ƙarshe da ta kawo shine a babin ƙarshe matar ta cire hijabi a filin jirgi, wai alamar ta samu 'yanci. Nace mata wannan kam ba da ni ba, matar da na rubuta ba a ɗaure take ba balle a kwance ta. Tun daga ranar muryarta ta sauya, imel ɗin da a da take amsawa a yini ya koma sai an yi makonni.

Duk da haka ta tura, kuma wata edita a ɗaya daga manyan kamfanonin ta so shi sosai har ta kai shi taron da suke zama da 'yan talla da masu lissafi, kin san a nan ake yanke hukunci ba a teburin edita ba. Amsar ta same ni da asuba na fito daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ina zaune a mota ina jira ƙanƙarar gilashi ta narke, hannuna na warin safar roba. Layi uku ne. Sun ji daɗin littafin amma sun riga sun sayi na wata 'yar Najeriya da zai fito shekara mai zuwa, kuma biyun zasu ci kasuwar juna. Na bincika, waccan baiwar Allah labarin Legas ta rubuta, ba yare ɗaya ba addini ɗaya ba komai ɗaya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 amma kujera ɗaya suka ware mana. A jerin littattafansu na wannan shekarar kuwa labarin Baturiya da aurenta ya mutu ta koma ƙauye bakin teku sun fi a ƙirga, ba wanda yace zasu ci kasuwar juna. Na daɗe a motar nan ina kuka har mai gadi ya ƙwanƙwasa min gilashi yana tambaya ko lafiya. Ejan ɗin kuma ko kira bata yi ba, turo min imel ɗin kawai tayi ta ƙara kalma biyu a sama, daga nan shiru.

Abin da har yau yake min ciwo ma ba wannan bane. Watan Yunin 2020 bayan ɗan sanda ya kashe baƙar fatan nan George Floyd a Amurka, kowane kamfani ya sa baƙin hoto a shafinsa, sai ga imel ɗinta kamar ba ita ba, wai tana ta tunanina, yanzu lokacin muryoyin baƙar fata ne, ko zan rubuta littafi kan wariyar da na fuskanta a Ingila. Ko sunan littafina na Fagge bata ambata ba. Wato ciwona suke so in kawo musu a faranti, labarina kuma in riƙe abina. Na amsa cikin mutunci nace ga littafina nan dai yana nan, bata sake waiwayata ba har yau. Na yafe mata dan ina son Allah ya yafe min amma ban manta ba.

A wannan watan ne aka yi #PublishingPaidMe da L.L. McKinney ta fara, marubuta suka riƙa faɗin kuɗin kafin alƙalamin da aka basu, a nan na gane ba ni kaɗai bace. N.K. Jemisin tace dala 25,000 aka bata kan kowane ɗaya daga littattafan nan uku da suka ci kyautar Hugo a jere 2016, 2017, 2018. Jesmyn Ward tace bayan ta ci National Book Award sai da tayi ta faɗa kafin ta kai dala 100,000, ga wani Bature da ba a san shi ba yace 800,000 aka bashi a littafinsa na farko. A ƙarshen shekarar New York Times ta fitar da lissafi, cikin littattafan ƙirƙira na manyan kamfanoni da suka duba daga 1950 zuwa 2018 kashi 95 farare ne suka rubuta. Su ma'aikatan kamfanonin buga littattafan ma haka, binciken Lee & Low na 2019 a Amurka ya nuna kashi 76 farare, baƙaƙe kashi 5 kacal. Kinga wanda zai zauna a taron nan yace "na san masu sayen wannan, 'yan uwana ne" babu shi a ɗakin. Nan Ingila ma rahoton Anamik Saha da Sandra van Lente na 2020 ya faɗa ƙarara cewa mai karatun da suke hasashe farar mace ce mai rufin asiri, duk littafi da ita ake auna shi. Sai 2019 fa baƙar mace ta fara cin babbar kyautar adabin nan ta Booker, Bernardine Evaristo, shi ma raba mata aka yi da Margaret Atwood. Kuma baƙaƙen matan da aka ɗaga zuwa manyan kujerun kamfanonin a 2020 ina suke, Dana Canedy ta bar kujerarta a 2022, Lisa Lucas an sallame ta a 2024.

Shi yasa nace canza suna ba zai miki komai ba, suna zaki ɓoye ai ba Zariyar da labarinki ya faru a cikinta ba, kuma ranar da suka ce a haɗu a bidiyo fa? Sunan mahaifinki ne, ki bar shi a bangon littafinki. Shi kuma mai cewa ki kawo 3,000, kamfanin gaskiya shi ke biyan marubuci, ejan na gaskiya kashi 15 yake ɗauka bayan an sayar, ko kobo baya karɓa kafin nan. Irin waɗancan zasu buga miki kwafi kaɗan su jibge miki a falo, wani lokacin ma su riƙe haƙƙin littafin shekaru.

Ki duba ƙananan kamfanonin da namu suka kafa. Cassava Republic na Bibi Bakare-Yusuf daga Abuja suka fara a 2006 suka buɗe a Landan 2016, su suka fitar da Abubakar Adam Ibrahim a nan Ingila kuma labarinsa na arewa ne tsantsa. Akwai Jacaranda na Valerie Brandes, akwai Dialogue Books da Sharmaine Lovegrove ta fara, akwai #Merky Books na mawaƙin nan Stormzy dake gasar sabbin marubuta, duk da su biyun ƙarshen nan rassa ne a ƙarƙashin manyan kamfanoni. Kuɗinsu ba yawa gaskiya, kar ki ajiye aikinki, amma ba zaki zauna kina ma edita bayanin dalilin da yasa mace zata so mijinta kuma tayi sallah ba. Marlon James sau 78 aka ƙi littafinsa na farko, ƙaramin kamfani ne ya ɗauka, 2015 ya ci Booker da wani littafin nasa. In kuma ejan kike so har yanzu, ki ɗauko littattafan baƙaƙen marubuta na 'yan shekarun nan ki buɗe shafin godiya, duk suna rubuta sunan ejan ɗinsu, su zaki tura mawa, kar ki bi jerin intanet kai tsaye. Kuma in an zo kwantiragi kar ki bada haƙƙin duniya gaba ɗaya, ki riƙe na Najeriya ko na Afirka ki ba kamfanin gida, in ba haka ba littafin zai isa Kano da farashin fam wanda ba mai iya saya.

Nan kuma sai na faɗi wata gaskiya ko za a ji haushi. Mu ma bama saye. Ranar da na fitar da nawa da kaina a Amazon mutanen da suka fi kowa yi min barka su suka fara cewa in turo musu PDF, har da wadda na san kuɗin leshinta. Masu lissafin can lambar ciniki suke kallo, in littafin 'yar uwarki bai sayu ba da shi zasu kafa hujja su rufe ma ta bayanta ƙofa. Iyayenmu mata marubutan Kano ba su jira kowa ba, da kuɗin adashi da na sarƙa suka buga nasu aka kai kasuwa mata suka saya da kuɗin cefane, mu da muke da albashin fam mun kasa sayen kwafi ɗaya ko mu je laburaren unguwa mu cike takardar neman su kawo shi, wanda kyauta ne.

Ki turo min babi ukun farko da wasiƙar da kike haɗawa ta inbox in duba miki, sau da yawa littattafan da ake kwatanta naki da su a wasiƙar ne suke buƙatar gyara. Takardar kamfanin 3,000 ɗin ma ki haɗo da ita, kar ki sa hannu kafin in gani.