An Gayyace Ni Cikin Kwamitin Amintattu: Mene Ne Zai Hau Kaina?

Tambaya: Ni malamar makaranta ce mai ritaya a Zariya. Wata ƙungiya da ke koya wa masu buƙata ta musamman sana'a, tana kuma nema musu aiki, ta roƙe ni in shiga kwamitin amintattunta. Sun ce babu albashi, sunana kawai suke buƙata a takarda. Shin in amince? Idan na amince, wane nauyi ne zai hau kaina?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ina ba ki shawara ki amince, amma da sharaɗin a janye maganar nan ta suna a takarda, domin doka ba ta san amintaccen da ya ba da aron sunansa ya koma gida ba. A Nijeriya, irin wannan ƙungiya tana yin rajista ne da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kuma da sunan amintattu ake riƙe dukiyarta, tun daga fili da gini har zuwa kuɗin da ke banki. Dokar ta hana ƙaramin yaro zama amintacce, haka ma wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda aka ayyana ya karye da bashi, da wanda aka samu da laifin zamba cikin shekaru 5 da suka gabata. Lokacin da aka zartar da dokar a 2020, sashe na 839 kuma ya buɗe ƙofar dakatar da amintattu idan aka samu almundahana ko sakaci da dukiya. Don haka duk ranar da aka nemi kuɗin tallafi aka rasa, za a tambaye ki ko da ba ki taɓa halartar zama ba.

Game da albashi, gaskiya suka faɗa miki. Kuɗin ƙungiya na manufarta ne, ba a raba shi tsakanin mambobi, amma ana mayar miki da abin da kika kashe daga aljihunki, kamar kuɗin mota, matuƙar akwai rasit. Kafin ki sa hannu, ki nemi ganin tsarin mulkin ƙungiyar, da takardar rajistarta, da bayanan banki na shekarar da ta wuce, da shaidar cewa tana miƙa rahoton shekara ga CAC. Ki tambayi mutum nawa ne ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi; idan mutum ɗaya ne, wannan shi ne gyaran farko.

Sai dai abin da ya fi damuna a irin waɗannan ƙungiyoyi ba sata ba ne, domin yawancin masu kafa su mutanen kirki ne. Abin da ke cin su shi ne auna nasara da bikin yaye ɗalibai. Na sha halartar irin wannan biki: an kafa rumfa, an jera kekunan ɗinki da leda a jikinsu, babban baƙo ya miƙa, an ɗauki hoto, kowa ya watse. Bayan wata shida, idan kika bi sawu, sai ki tarar da keken a lungun ɗaki an lulluɓe shi da zane, saboda yarinyar ba ta da kuɗin yadi, ko kuma shagon da aka samo mata yana da matakalar da keken guragu ba ya hawa. Babu wanda ya yi mugunta a nan, an dai rasa mai tambaya. To, wannan tambayar ita ce aikin amintacce. A kowane zama ki ce a kawo miki sunayen waɗanda aka yaye bara, a faɗi wanda har yanzu yake aiki, da abin da yake samu, da dalilin da ya sa wanda ya bari ya bari. Ba ke za ki koyar da ɗinki ko gyaran waya ba, wannan na shugaban gudanarwa ne da ma'aikatansa, kuma shiga musu hurumi yana ɓata aiki. Naki shi ne ki tsaya sai an ba ki amsa mai gamsarwa.

Akwai kuma makamin da kwamitoci da yawa ba sa amfani da shi. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tanadi cewa hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ware wa masu naƙasa aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekaru 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. An kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Mutum irinki, mai tsofaffin ɗalibai a ofisoshi da dama, zai iya ɗaukar wannan doka ya je ya zauna da shugaban ma'aikata, ya tambaye shi kurame nawa da makafi nawa ya ɗauka.

Daga ƙarshe, ki duba waɗanda za ki zauna da su. Idan babu makaho ko kurma ko gurgu ko ɗaya a cikin kwamitin, ki nemi a gyara tun kafin zamanki na farko. A ƙasar Hausa mun daɗe da sanin sarkin makafi da sarkin guragu, saboda haka jagorancin kansu ba baƙon abu ba ne gare su, kuma su ne za su gaya muku wace sana'a ce ke da kasuwa da wadda aka gaji da koyarwa. Shigar da su tana buƙatar tanadi: ɗakin taro a ƙasa, mai fassara da maganar hannu, da aika takardun zama ta waya kwanaki kafin taro domin makaho ya saurare su. Ki sa a rubuta kuɗin waɗannan a cikin kasafin shekara, a kuma ƙayyade wa'adin kowane amintacce, har da naki, a tsarin mulkin ƙungiyar.