Kafin ka zuba kuɗi a gidan haya, duba inda aiki ya dosa

Tambaya: Malam, ina son gina gidajen haya a wajen Kano. A ina zan samu hasashen yadda ayyukan yi za su ƙaru a yanki, ta waya ko kwamfuta?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka. Babu wani shafi da zai ce maka unguwa kaza za ta samu ma'aikata kaza nan da shekara biyar. A Amurka hukumar ƙididdigar ƙwadago, wato BLS, na fitar da hasashen ayyukan yi na shekara goma, jihohi ma na yin nasu. Mu nan sai dai ka harhaɗa da kanka.

Fara da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, nigerianstat.gov.ng, ka sauke rahoton binciken ma'aikata. Amma a yi hattara. A 2023 hukumar ta sauya ma'auni: duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako an lissafa shi cikin masu aiki. Shi ya sa rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 zuwa 4.1 a farkon 2023. Ba aiki ne ya yawaita ba, mudun awo ne ya canza. Mai aikin awa ɗaya kuwa ba zai iya biyan hayar shekara ba, don haka layin masu albashi za ka duba, ba jimillar ba.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne Google Earth Pro a kwamfuta, manhaja mai nuna hotunan ƙasa daga tauraron ɗan Adam, na yanzu da na shekarun baya, kyauta ne. Nemo Zawachiki, inda tashar tsandauri ta Dala take, wato tashar sauke kwantenonin kaya, ka danna alamar agogo a sama, ka ja zuwa baya. Za ka ga gonaki suna komawa rufin kwano shekara bayan shekara, ko kuma fili ya tsaya yadda yake duk da surutun dillalai. Yi haka a unguwannin masana'antu na Challawa da Sharada, da hanyar da layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya bi ta Kazaure.

ChatGPT fa? Zai iya taƙaita maka rahoton da ka ɗora masa, amma idan ka tambaye shi adadi kai tsaye yakan ƙirƙiro. Ka ce ya nuna maka shafin, ka buɗe ka gani da idonka.

Sannan ka je yankin da kake son yin ginin da ƙarfe bakwai na safe, ka ƙirga motocin da ke sauke ma'aikata a ƙofar masana'anta, ka tambayi mai shayi ko ana ɗaukar sababbi.