Amsa: jijiyoyin da suka haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu da maida hankali

Malam ka tambaya ko jijiyoyin da suka haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa suna da hannu a maida hankali. Sosai ma. Kofus kalosum ake ce musu, zare wajen miliyan 200, ta nan ɓangarorin ke aika wa juna saƙo, wani lokaci ɓari ɗaya ya danne ɗayan don kar hankali ya rabu. Wallahi abin da ya fi taɓa ni masu farfaɗiya da aka yanke musu kofus kalosum ɗin, waɗanda masanin ƙwaƙwalwa Roger Sperry ya bincika har ya samu kyautar Nobel a 1981, in an haska musu hoto ta hagu sai suce basu ga komai ba amma hannun hagu ya nuno abin daidai, don hoton ɓarin dama ya je, wanda ke sarrafa hannun hagu, magana kuma galibi ɓarin hagu ke riƙe da ita.